Wuyan Yaya da Geron Iri

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za a tattara mu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tafi ranar kasuwar Tsanyawa, da hantsi, yana jingine da bangon zaure, bai yi kwanciyar jinya ba. Shi ne babban wanmu, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ni ne auta, autan da yanzu ko gyaɗa sai an daka masa.

Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa na kasa kunne, don ni tun ina yaro ba ni da sana'ar da ta wuce jin abin da ba da ni ake ba. Liman ya ce an yi rashin dattijo. Wani maƙwabci ya ce, "Duk unguwar nan gidanku ne kaɗai bai rabu da gonarsa ba a shekarun fari, kuma aikin mamacin nan ne." Sai wata tsohuwa daga cikin gida, wadda ba ta san muryarta tana tsallako katanga ba, ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa mutum ne mai busasshiyar zuciya." Wani ya ƙirƙiro tari, aka shafa fatiha. Jikokinsa kuwa, masu gemu da 'ya'ya yanzu, abin da suka sani shi ne tsohon da in ka kira shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar ƙyauren ƙofa, kullum da safe kuma yana zaune yana kaɗa kai a hankali. Ɗaya ya matso ya ce, "Baba Auta, wai wuridi ne yake yi?" Na ce ba wuridi ba ne, magani ne.

Da maƙwabcin da tsohuwar duk gaskiya suka faɗa, kuma magana ɗaya suke yi ba su sani ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta, saura ni, shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban gama ba, an kore ni don na kwaikwayi tafiyar malamin a bayansa ya waiwayo. Wanda ya ga rubutu ya karkace ya yi haƙuri, iyakar abin da aka samu ke nan.

A lokacin gandu muke. Gona ɗaya, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya babba na ƙasa a bayan gida, bakinsa a sama, sai an kafa tsani an ɗaga jinka ake shiga. Al'adar gidanmu tun kakanni, ba mai leƙa rumbun nan sai mai gida. Shi zai hau, shi zai zura kai ya jawo abin da za a ci, ya miƙo. Ko matarsa ba ta san zurfin abin da ya rage ba. In ka tambayi Yaya yaya hatsi, kalma ɗaya ce da shi: "Akwai." A shekarar ƙoshi haka yake cewa, a shekarar wahala ma haka, da murya iri ɗaya, fuska iri ɗaya. Na sha ƙura masa ido ko zan kama wani abu, ban taɓa kamawa ba.

Sai ruwa ya ɗauke mana damina bayan damina. Gero ya yi kai ya bushe a tsaye. Aka sayar da awaki, aka sayar da tumaki, daga ƙarshe aka sayar da jaki. Ku da kuka taso da takin buhu ba za ku gane ba: gonar ƙasarmu ba ta hutawa, kowace shekara ana nomanta, in ba a kai mata taki ba ba ta ba ka komai. Jaki ne ke kaiwa a mangala. Da jaki ya tafi, Yaya ya naɗa gammo ya shiga gurbinsa. Duk rani yana yawo da kwando a ka, daga juji zuwa gona, daga gona zuwa juji, ranar kasuwa kuma ya yi dako. Mu ma mun ɗauka, ban ce ba mu ɗauka ba, amma ni kwandona in iska ta taso sai na riƙe shi kada ya tashi.

Wuyansa ya fara sanƙarewa. Daga nan sai jiri. In ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya, ko ya waiwaya da sauri, sai ka ga ya miƙa hannu yana laluben bango. An yi masa ƙaho a ƙeya har wurin ya zama kamar bayan kada. An yi rubutu, an yi turare, wasu suka ce iska ce ya taka a juji, wasu suka ce yunwa ce kawai, wa ba ya jiri a shekarar nan. Ranar da ya faɗi a bakin kasuwa da buhun wani a kansa, aka kai shi asibitin Bici, can suka ce a wuce birni wurin masu gashin ƙashi. Ni aka haɗa shi da ni, ba don hankalina ba, don ni kaɗai ne in na bar gida ba aikin da zai tsaya.

Likitan ya duba idonsa, ya duba kunnensa, ya auna jininsa. Ya latsa ƙeyar, Yaya ya cije leɓe.

"Baba, me kake ɗauka a ka?"

"Abin da jaki ya bari."

Ya zaunar da shi a wata kujera mai juyawa, ya riƙe kansa da hannu biyu, ya ce da ni, "Malam, juya kujerar a hankali." Karo na farko ke nan da aka ce mini malam, na kusa tsayawa godiya. Na juya. Yaya ya damƙe gefen kujerar ya ce, "Ga shi nan, ya zo."

Likita ya ce, "Ka gani, kanka bai motsa ba, wuya ne kaɗai ya murɗa. Jijiyoyin wuya su ke gaya wa mutum inda kansa yake. Naka sun gaji, suna ba da labarin da bai yi daidai da na ido ba. Za mu sake koya musu."

Ya koya masa. A gasa ƙeya da tsumma da ruwan ɗumi, a murza kafaɗu. A ja haɓa baya kamar mai jin wari, a riƙe, a saki. A yi ɗigo a bango daidai ido, a kafa masa ido, a juya kai dama da hagu a hankali ba tare da ido ya bar ɗigon ba, sannan sama da ƙasa. In jiri ya taso a tsaya, a bar ido a wuri ɗaya har ya lafa. A daina kaya a ka. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙeyar Yaya ya nuna mini inda ake dannawa.

Yaya ya saurara duka, sannan ya ce, "Yaushe zan hau tsani?"

"Baba, ba ka da ƙanne? Ga wannan."

Yaya ya juyo da jikinsa ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya koma ya ce, "Yaushe zan hau?"

Likita ya ce sai jirin ya sake shi. Washegarin dawowarmu Yaya ya kafa tsani.

Ban san dalili ba a lokacin, na ɗauka son girma ne. Amma ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe umarnin likita kamar yadda Yaya ya riƙe sauran ba. Safe da yamma. Matarsa ke gashin, ni ke dafa ruwa in riƙe ƙwarya. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta, tana ce mini mijin da ba ya kawo cefane, ina ce mata amaryar da aka yi mana ragi.

Kuskuren da aka yi shi ne wurin ɗigo. Bangon da ya fi santsi a gidan shi ne na rumbu, kuma can baya ne, Yaya yana ganin ya ɓuya. Ya sa gawayi ya ɗiga, ya ɗauko turmi ya kifa ya zauna. To dangar bayan gidanmu ta kara ce, kuma awakin da muka sayar sun riga sun cinye rabinta. Duk mai wucewa rijiya sai ya hango mai gida zaune gaban rumbunsa, ya zuba masa ido, yana girgiza kai. A shekarar yunwa. Kafin a yi la'asar labari ya gama unguwa: hatsin gidanmu ya ƙare, har mai gidan ya zauce.

Na ce, "Yaya, ka riƙa fara da na sama da ƙasa mana, a ga kamar kana cewa alhamdu lillahi."

Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Ido yana kan ɗigo.

Wanmu na tsakiya bai ɗauke shi wasa ba. Shi mutum ne mai zafi, ga 'ya'ya ƙanana. Ya same shi a gindin rumbu ya ce, "Yaya, gari ya ɗauka. In babu ka ce babu, kowa ya kama gabansa tun da sauran ƙarfin tafiya."

"Akwai."

"To in hau in gani."

"Baba yana da rai ka taɓa hawa?"

"Baba ba ya tangaɗi a kan tsani! Ka faɗo ka karye mu shiga uku sau biyu?"

Ya kama tsanin. Yaya ya miƙe, jiri ya kwashe shi, ya dafa bango, amma ɗaya hannun yana kan tsani. Ya ce, "In ka taka shi, ka taka ni." Suka tsaya haka. Na tsakiya ya saki, ya shiga ɗaki. Bai yi sati ba ya tafi ci-rani kudu, ya bar mana matarsa da yaran. Sun shirya daga baya, amma har na tsakiyan ya rasu bai ƙara zama cin tuwo a kwano ɗaya da Yaya ba.

Abin da Yaya ke saukowa da shi kullum raguwa yake. Dawa ce, daga baya dawa da dusa, mata su haɗa da tafasa da rama da duk ganyen da bai kashe akuya ba. Ya fito da wata sabuwar doka, wai likita ya hana shi cika ciki saboda wuya. Sai ya ci loma kaɗan ya tura kwanon gaban yaran na tsakiya. Ina wurin lokacin da likita ya yi magana, ban ji wannan ba. Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Yaya yana da 'yar ƙarama, ba a daɗe da yaye ta ba. Ƙyanda ta shigo unguwa ta kama ta. Ƙurajen suka warke, yarinyar ba ta tashi ba. Bakinta ya yi gyambo, tuwon dusa ba ya wucewa, in an ɗura mata sai ya dawo. Ta zama ido da ciki.

Wata yamma ana gashi, ina riƙe da ƙwarya, matar Yaya ta zura yatsa a wuyan rigarsa ta tsaya. Ta fito da abu ta ɗaga shi a haske. Ƙaiƙayin gero ne. Mu da muka manta kamannin gero.

Ta ce, "Malam, akwai gero a rumbun nan."

Bai juyo ba. Ya ce, "Iri ne."

"Zangarniya ɗaya. In dama mata kunu mai ruwa-ruwa, shi zai wuce."

"In kika saka a turmi, gidan nan duka zai ji."

"A dutse zan niƙa."

"Ƙamshin fa? Matar ƙanena tana da masu kuka ita ma. In ta zo in ce mata me? 'Yata ta fi nata? In na ba ta, maƙwabta suna da hanci. Kafin Juma'a ba ƙwaya. Ruwa ya sauka mu shuka me?"

"Ni ban san ruwa ba. 'Yata na sani."

Na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Na ce, "Yaya, ko ni in ɗauka a ce sata na yi, kowa ya san halina." Ba wanda ya yi dariya. Ya ce, "Ruwan ya huce, Auta." Ta matse tsumman, ta ninke shi, ta ajiye a kan kafaɗarsa ta shiga ɗaki.

A lokacin na gane abin da ya sa yake hawa tsani da kan da ke juya masa. Duk wanda ya leƙa rumbun nan zai ga gero, kuma ba mai cikin da zai ga gero a shekarar nan ya bar shi. Ni na san ba zan bari ba. Shi ma ya sani, shi ya sa ya dube ni yadda ya dube ni a gaban likita.

Yaya ya fita ya yi yawon neman gero a gidajen da ake zaton suna da shi. Ya samo ɗan kaɗan a wurin wani mutumin Dawakin Tofa da suka yi dako tare, ya ƙulle a bakin riga, ya taho a ƙafa. Ya iso ana fitowa da gawar yarinyar a tabarma.

Ban sani ba ko kunu zai tashe ta. Na tambayi kaina har na gaji. Yara da yawa sun tafi a shekarar nan, har a gidajen da suka cinye irinsu. Kwana ya ƙare, haka malamai suka ce, haka kuma na yarda. Amma uwa ba ta tambayi malamai ba. Yaya ne ya ɗauki yarinyar a hannu har makwanci, yana tafiya a miƙe, ido a wuri ɗaya, don kada jiri ya kayar da shi da ita.

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, ba ta tafi gidansu ba. Ta ci gaba da kai masa ruwan alwala da abinci. Gashi ne kawai ta bari. Ya dawo hannuna, kuma hannuna bai san tausayi ba bai san daidai ba, ranar da ban ƙona shi ba na murɗe shi. Wuyan ya koma baya. Ya ƙara zama gaban ɗigo, safe, rana, yamma, mutane suna hangensa suna cewa baƙin ciki ne. Wannan karon ban musa musu ba.

Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Aka yi yayyafi, wasu suka ruga suka shuka abin da suka samo, rana ta ƙone shi. Aka zo ana ce wa Yaya ya fito da abin da yake da shi, ya tona ƙasa da yatsa ya ce bai kai ba. Masu gonakin da ke gefenmu, waɗanda ba iri ba abinci, suka fara jinginar da su ga mutanen birni. Gonakin nan har yau ba su dawo ba.

Sai aka yi ruwa na gaske, wanda ya kwana yana zuba. Gari ya waye ƙasa tana ƙamshi. Yaya ya kafa tsani, ya hau, ya ɗaga jinka, ya zura kai da kafaɗu ciki. Sai jirin ya taso masa. Ya fito da kai a hankali, ya rungume bakin rumbun, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya kafa ido a kan reshen wata ɗorawa, yana numfashi, yana jira ya lafa kamar yadda aka koya masa. Bai lafa ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta. Riƙe ni in sauka. Kai za ka hau."

Na sauko da shi, na hau. Na zura kai. Ƙasan rumbun a share yake tas, ko ɓera ba zai yi sahur ba. Abincin da muka ci jiya shi ne na ƙarshe. A jikin bango kuwa ga damman iri a jingine, zaɓaɓɓun zangarniyu masu kauri, an yayyafa musu toka don ƙwari, ɗaurinsu na tun kaka ba a taɓa kwance shi ba. Na tsaya da kai a cikin duhu don kada a ga fuskata. Daga ƙasa ya ce, "Barci kake?" Na fara miƙowa.

Mata suka sussuke. Gida ya cika da ƙamshin gero, yara suka kewaye turmi. Muka fita gona gaba ɗaya, har matan, don shekarar nan ba ta bar wa kowa zaman ɗaki ba. Yaya ba ya iya sunkuyawa, amma sungumi a tsaye ake sara da shi. Ya zaɓi wata kuka a ƙarshen gona ya kafa mata ido, ya fara tafiya yana sara, layi a miƙe kamar an ja igiya. Ana buƙatar mai bin sa da iri. Na miƙa hannu zan ɗauki ƙwaryar, matarsa ta riga ni.

Ta bi bayansa tana jefawa tana rufewa da diddige. Ina layin da ke gefensu. Ganin iri ya wadata a ido, sai na fara zubawa da yawa a rami. Ta tsaya. Tun rasuwar yarinyar ba ta yi mini magana mai tsawo ba.

Ta ce, "Auta, rage hannu. Kowace ƙwaya a nan na san da me aka ajiye ta."

Yaya ya ji. Sungumin ya tsaya a sama, sannan ya sauka, ya ci gaba da sara.

Geron ya fito. Kafin ya nuna mun sha wuya, da ganye da ƙwadago a gonakin wasu muka kai, amma mun kai. Na tsakiya ya dawo ya tarar da gona a hannunmu. A ranar shukar nan da la'asar, na dafa ruwa na ɗauko tsumma, matar Yaya ta karɓe daga hannuna ta ce in matsa kafin in ƙarasa musu shi. Ta ci gaba da gasa wuyan nan har tsufa ya karɓe ƙarfin yatsunta. Ta haifi wasu 'ya'yan, ta dama wa gidan nan kunun gero shekara da shekaru. Ita dai ba ta ƙara kai shi bakinta ba har ta koma ga Allah, shi kuma da ya zauna kusa da ita duk tsawon nan bai taɓa tambayar ta dalili ba.

Allah ya yafe wa Yaya abin da ya yi daidai da abin da ya kuskure, Shi ya san wanne ne wanne. Ya haskaka makwancinsa, da na matarsa, da na 'yar ƙaramar. Mu da muka saura, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.